Ranar da Baba Ya Faɗa Ɗakin Duhu

"Kusan?!"

Auta ta saki ƙaramar sukundirebar da ke hannunta, ta juyo tana harararsa, duk da ta san a cikin wannan duhun ba lallai ne ya ga hararar ba.

"Maimaita in ji. Me ka ce?"

"Na ce... kusan ina sonki," ya faɗa ƙasa-ƙasa yana gyara zaman tabarau. "Don Allah rage murya, teburin yana girgiza."

"Ya kife ma mana! Ni za ka kalla ka ce kusan kana sona? To saura nawa ya cika?"

Dama sunan da 'yan aji suka laƙaba masa ke nan, Malam Kusan. Tun shekarar farko a sashen fiziks ba a taɓa jin ya ba da amsa kai tsaye ba. Ƙarfe nawa? Kusan biyu. Ka ci abinci? Kusan. Amma in aka zo jarrabawa, babu mai kamo ƙafarsa.

A shekarar ƙarshe Farfesa ta haɗa su aikin bincike, shi da Auta, a ɗakin gwajin haske da ɗalibai ke kira ɗakin duhu. Jan hasken leza suke rabawa biyu, kowane rabi ya bugi madubi ya dawo. In sun haɗu daidai, sai zobba ja da baƙi su fito a jikin farin allo. Watanni suka kwashe suna saita maduban nan, ga shi tari mai ƙarfi ma yana iya watsa zobban.

"Ba ragi nake nufi ba, Auta," ya ce. "Abin da na kasa aunawa, ba na iya cewa ga iyakarsa. Na gwada, wallahi na gwada... ya fi ƙarfin ma'aunina."



Ta ji zuciyarta ta yi wani irin tsalle. Ta gode wa Allah da babu fitila, don murmushin da ya kufce mata ya isa ya zubar da ajinta na shekara huɗu.

"To ni ban san wani kusan ba," ta ce. "Ina sonka, shi ke nan. Laluba ka ɗauko min sukundirebata."

Ya durƙusa da sauri, ya buga goshi a ƙafar kujera.

Daga ranar komai ya yi wa Auta daɗi, har lissafin da ke sa ta ciwon kai. Matsala ɗaya ce, kuma a gida take.

Baba mai kemis ne. Tun Auta na goye ya yanke cewa likita za ta zama, ta rubuta magani a sama shi ya sayar a ƙasa. Da jami'a ta ba ta fiziks sai da ya kwanta jinya. Daga baya ya haƙura, amma da sharaɗi: tunda ba a samu likita ta hanyar 'ya ba, za a same shi ta hanyar suruki.

Shi ya sa ranar da Umma ta lallaɓa ta kai masa zancen Malam Kusan, cokali ya ajiye.

"Me yake karanta?"

"Ajinsu ɗaya," in ji Umma.

"Wani fiziks ɗin?! Guda ɗaya da ke gidan nan me ya tsinana mana? Fankar falo ta lalace na ce ta duba, ta tsaya tana min bayanin yadda iska take tafiya. Muna ta gumi!"

"Baba, ai bayanin daidai ne..."

"Ke, rufe min baki! Ku biyu ku taru a gida ɗaya, wuta ta lalace, ku zauna a duhu kuna gaya wa juna dalili? Ban yarda ba."

Auta ta shige ɗaki ta sha kukanta. Umma ta biyo ta tana lallashi.

"Yi haƙuri 'yar lelena. Kin san Babanki, tafasa yake kamar madara, kuma haka yake sauka."

Bai sauka ba, domin akwai mai ƙara masa wuta.

Gimbiya ce, 'yar ajinsu mai shigowa lakca da turaren da ke riga ta isowa. Ta daɗe da lura cewa Malam Kusan in ya cire tabarau ba ƙaramin kyakkyawa ba ne, kuma duk wadda ta yi aiki da shi ta gama da sakamako mai kyau. Ta roƙi Farfesa a sauya mata abokin aiki, Farfesa ta kalle ta ta saman gilashi har sai da ta fita da baya.

Sai ta sake dabara. Ta shirya tsaf ta nufi kemis ɗin Baba, wai kanta ke ciwo.

"Lah, Baba! Ashe kai ne mahaifin Auta? Kai, yarinyar nan tana da ƙoƙari. Kullum suna ɗakin duhu ita da saurayin nan, su kulle ƙofa, su kashe fitila... har tausayi suke ba ni."

Baba ya tsaya da kwalin magani a hannu.

"Ɗakin me?"

"Ɗakin duhu. Au, ba ta gaya maka ba? Wayyo, bakina!"

Washegari da hantsi Auta na sunkuye a kan madubi. A ƙarshen makon za su kare aikinsu a gaban malamai, zobban kuwa sun fito ras, ba su taɓa yin kyau haka ba. Malam Kusan na ɗaukar awo, wasu ɗalibai na can kusurwa suna nasu gwajin.

Sai ji suka yi an banko ƙofa.

"Ina take?! Ina Auta?!"

"Baba?!"

Daga hasken rana ya faɗo cikin duhu, ko tafin hannunsa ba ya gani. Ya yi gaba yana lalube. Da ya sunkuyar da kai sai ya ga ɗigon jan haske a tsakiyar ƙirjinsa, daidai saitin zuciya.

Baba ma'abocin kallon finafinan yaƙi ne.

"Innalillahi! Bindiga! Kar ku harba, 'yata na zo ɗauka!"

Ya daka tsalle gefe, ya rungumi teburin gwaji. Teburin ya yi gaba, maduban suka juya, ɗaya ya gangara. Malam Kusan ya yi sufa ya cafe shi kafin ya kai ƙasa.

Wani ya kunna fitila.

Baba ya ɗago a hankali. Ga ɗalibai cikin fararen riguna sun saki baki suna kallonsa. Ga 'yarsa can ƙarshen tebur da sukundireba. Ga wani siririn yaro kwance a ƙasa ya rungume madubi kamar jariri. Farin allon kuwa fayau, babu zobe ko ɗaya.

"Wa ya taɓa min tebur?"

Farfesa ce a bakin ƙofa. Gajeruwa ce, ko kafaɗar Baba ba ta kai ba, amma tsit ɗakin ya yi.

Malam Kusan ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya dubi dattijon da hularsa ta karkace, gumi na tsatstsafo masa.

"Ni ne, Farfesa. Santsi ya kwashe ni."

Auta ta zaro ido. Karo na farko ke nan da ta ji ya ba da amsa babu kusan a ciki, kuma ƙarya ce.

Baba ya daɗe yana kallon yaron. Sannan ya gyara hula.

"A'a, ranki ya daɗe. Yaron nan rufa min asiri yake. Ni na ture, da girmana da komai."

"To, sannu da ƙoƙari," in ji Farfesa. "Ranar kare aiki dai ba za ta matsa ba. In babu zobba, sai baɗi."

Ta juya ta fita.

Sai baɗi! Auta ta zauna a kan kujera hawaye na zuba.

"Baba, me na yi maka? Shekara huɗu ina karatun nan, ko sau ɗaya ba ka taɓa tambayata me nake yi ba. Ina son abin nan, Baba, wallahi ina sonsa! Yau da ka fara zuwa gani, ka zo ka rushe shi..."

Baba ya sunkuyar da kai ƙasa. Bai taɓa jin kansa ƙarami haka ba.

A hanyar fita ya yi kiciɓis da Gimbiya a baranda, ta laɓe cikin 'yan kallo. Ya nuna ta da yatsa, da muryar da ta cika sashen.

"Ke! Ba ke ce mai ciwon kai ba? Ke kika ce min su biyu ne a ɗakin! Allah ya ƙara miki lafiya, amma kar ki sake zuwa kemis ɗina!"

Aka kwashe da dariya. Har suka gama makaranta ba a sake kiranta Gimbiya ba, sai Mai Ciwon Kai.

Da safe Auta ta iso da kumburarrun idanu, ta tarar da Malam Kusan ya riga ya fara ɗaura maduban.

"Za mu iya kuwa?"

"Za mu iya, sanyin idona. Da can lalube muke, yanzu mun san hanya."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, kamar mai tsoron tada jariri. Baba ne, da kular abinci a hannu. Ya bar kemis a rufe.

"Na zo taimako. Me zan yi?"

Suka kalli juna.

"Ka zauna a can, Baba," in ji Auta. "Kar ka motsa."

"Shi ke nan aikin?"

"Shi ne babba."

Haka ya riƙa zuwa kullum, ya zauna a kusurwa hannu a gwiwa. In atishawa ta taso masa sai ya toshe hanci ya fita da sanɗa, ya yi ta a waje. Daga kusurwar yake kallon komai. Ya ga yadda 'yarsa ke murza ɗan ƙaramin noti kamar mai zare ƙaya daga ido. Ya ga in ta fusata ta yi jifa da biro, yaron ya ɗauko ya miƙa mata ba tare da ya ce uffan ba. Ya kuma ga wani lissafi da yaron ya kuskure, Auta ta gyara masa, shi kuwa ya washe baki kamar an ba shi kyauta.

Ana gobe kare aiki, da la'asar, Auta ta ce, "Kowa ya riƙe numfashi."

Ta murza notin kaɗan.

A jikin allo wani jan gajimare ya motsa, ya tattaru... sai ga zobba, ɗaya cikin ɗaya, ras da su.

"Allahu Akbar!" Baba ya miƙe zumbur. "Auta, ke kika yi wannan? Da haske kawai?"

"Baba, teburin!" suka faɗa tare.

Ya koma ya zauna a hankali, yana share ido da bakin hula.

Sun kare aikinsu lafiya. Farfesa har murmushi ta yi, abin da tsofaffin ɗalibai suka rantse ba su taɓa gani ba. Da suka fito, Baba na tsaye a baranda cikin sabuwar riga, Umma a gefensa.

Ya yafito Malam Kusan.

"Kai, zo nan. Fanka dai na san ba za ka iya gyarawa ba."

"Zan koya, Baba."

"Ka koya. Sannan ka gaya wa manyanka ina jiransu."

Malam Kusan ya daskare. Ya kalli Auta, ya kalli Baba, kansa ya ɗau zafi. Ya cafke hannun dattijon da hannu bibbiyu yana girgizawa.

"Na gode... na gode, rabin raina!"

Umma ta toshe baki da mayafi. Auta ta jingina da bango tana dariya har da hawaye.

Baba ya zare hannunsa a hankali, ya kama kafaɗun yaron ya juya shi.

"Ga ta can. Ni surukinka ne."

Bayan fitowar sakamako aka ɗaura aure. Har yau in Malam Kusan ya je gaishe da surukai, Baba kan leƙa ciki ya ƙwala kira, "Ku kawo ruwa, rabin raina ya iso!"