Ranar da Na Yanke Furen Masara

"Saratu! Mi kinka yi haka?"

Maniru ne tsaye a bakin ɗan lambuna na bayan gida, ya dafe kai. Wuƙa na hannuna, furen masarar da na gama yankewa zube a ƙasa, akuya na ci.

"Gyara na yi. Ai haka Baba ke fizge furen albasa don ta yi kai."

"Masara ba albasa ba ce, abar ƙaunata! Garin furen ga shi ka zuba bisa gemun goyo, kowane zare ƙwaya guda. Yanzu totuwa za ki girba."

Na saki wuƙar.

Shi malamin gona ne, shi ya kawo mini irin masarar nan mai zaƙi. Lokacin ostariti ne, zamanin tsuke bakin aljihu, shinkafa ta ɓace a kasuwar Bodinga, kowa na ta kansa. Mahaifiyarsa, Inna Ramatu ta Shagari, ta ƙi aurenmu. Ta ce 'yar boko alli kaɗai ta iya riƙewa, yunwa za ta kashe mata ɗa. Zulaihatu, 'yar ƙanenta da take so ya aura, ita ta kawo mini maganar har makarantar da nake koyarwa. Ni kuwa na bugi ƙirji a gaban malamai, na ce, "Ki gaya wa Inna bana masarar lambuna za ta ci. In ba haka ba, na bar miki Maniru!"

Ko ranar da ya so yi mini bayanin shukar, cewa na yi na fi shi karatu.

"Babu dabara?" na tambaya.

"Akwai. Mutum biyu na ba irin ga, ke da Inna. Tata ta yi fure. Sai dai in don ke ne, ni ko tsinke ba ta ba ni."

Budurwa a gidan uwar saurayinta kafin aure! A garinmu ko a hanya kika hango ta, sauya hanya kike yi.

Washegari na shiga motar farko zuwa Shagari. Zulaihatu na tarar tana shara.

"A'a, Malama! An zo koya muna a-ba-ca-da?"

Na wuce ta. Na durƙusa nesa da tabarmar Inna, mayafi har hanci.

"Inna, ɓarna na yi. Na yanke furen masarata. Roƙon garin taki na zo."

Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya ce ki yanke?"

"Ba kowa."

"Ba a gaya miki ba?"

"An so a gaya mini, Inna... ni ce ban saurara ba."

Zulaihatu ta tuntsire da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ga lambun can," in ji Inna. "Ba ki yanke mini fure ko guda. Ki kakkaɓe da hannunki."

Na yagi takarda daga littafin darasina, na bi kowace masara ina girgiza furen, ɗan gari rawaya na zuba. Ba ya jimirin zafi, dole in isa gida kafin rana ta take. Man fetur ya yi wuya, sai bayan motar albasa na samu. Na isa ina barbaɗa shi a kan gemu, goyo bayan goyo.

Safiya uku na yi ina wannan zirga-zirga. Matan unguwarsu har leƙowa suke ta katanga su ga 'yar boko mara kunya. Na haɗiye.

Da masarar ta nuna, na ɓare ta farko, sai hawaye. Rabi ƙwaya, rabi fili!

"Bari in haɗa miki da ta gonar gwaji ta wurin aikinmu, wa zai sani?" in ji Maniru.

"Ni zan sani."

Na dafa guda bakwai, Maniru ya raka ni, na kai wa Inna haka nan.

Inna ta juya ɗaya a hannu. "Wagga masara giɓi gare ta, kamar bakina."

Na sunkuyar da kai. Ina jin ta gutsura, ta tauna, ta sake gutsura. Sai da ta cinye tas, ta ajiye totuwar.

"Maniru!" ta ƙwala masa kira, yana can zaure. "Je ka ce wa baffanninka su nemi goro. Ke kuma tashi ki tai gida. Kada in ƙara ganin ƙafarki gidan ga sai ranar da anka kawo ki."