Tikiti Uku Na Ranar Kyandir

Ranar Lahadi ce, Nubia na tsaye a bakin ƙofar kicin ɗin Doña Gilma tana kallon tukunyar miyar kaza da rogo tana tafasa. Sau biyu ta yi tayin taimako, sau biyun tsohuwar ta ce mata baƙo ba ya aiki.

Doña Gilma surukar Arbey ce, uwar matarsa Marleny wadda ta rasu shekara uku da suka wuce, a farkon watan Disamba. Tun daga lokacin Arbey bai bar gidan ba. Yana tuƙa tsohuwar jif, yana kwaso buhunan kofi da fasinjoji daga gonakin kan tudu zuwa cikin garin Calarcá, tsohuwar kuma tana riƙe masa 'yarsa Yuliana mai shekara tara. Ita Nubia ɗan shagon gyaran gashi gare ta kusa da tasha. A nan ta haɗu da Arbey, ranar da ya kawo yarinyar a rage mata gashi. Soyayya ta yi ƙarfi har ya yi mata maganar aure ta amince, sai dai duk sanda za a sa rana, Doña Gilma sai ta tashi da ciwon kai ko hawan jini, magana ta sake komawa baya.

Ana cikin cin abinci Yuliana ta ɗauko zancen. Wurin wasanni na Guayacán zai yi babban fati na Kirsimeti ranar bakwai ga Disamba, ranar da kowa ke kunna kyandir a ƙofar gidansa. Ta gani a wayar wata 'yar ajinsu. Duk lilunan za su yi aiki, za a yi jerin gwanon masu rawa, za a zubo dusar ƙanƙara daga sama, kuma natilla, wato daskararren kunun madara, da buñuelo, soyayyen ƙwallon gari da cuku, kyauta ne, mutum ya ci iya cikinsa. Tana magana tana lilo da ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Arbey ya ce ai ya riga ya tambaya. Tikitin fatin daban yake da na kullum, kuma guda ɗaya ya kai abin da yake samu a tuƙin kwana biyu. Amma ya yi dariya ya ce ba komai, zai sayi uku: shi, da Yuliana, da Nubia, tunda Kaka ba ta son hayaniya.

Doña Gilma ta ajiye cokali. Ba ta dubi Arbey ba, Nubia ta duba.

"Ranar kyandir kuka zaɓa ke nan. Ranar da nake kunna wa 'yata kyandir ni da jikata. Ke kika kawo wannan shawarar ko? Tayoyin motarsa sun cinye har waya ta fito, amma an samu kuɗin kai ki lilo. Ba ki shigo gidan ba tukuna kin fara kwashe yarinyar daga gaban hoton uwarta."

Nubia ta buɗe baki za ta ce yau ta fara jin maganar, sai ta ga Yuliana ta sunkuyar da kai kan kwanonta. Ta haɗiye maganar. Ta yi godiyar abinci, ta ɗauki jakarta ta fita. Sai da ta shiga jif ɗin hawayen suka zubo.

A hanya ta gaya wa Arbey gaskiyar ra'ayinta. Fatin bai kai kuɗinsa ba. Matan da ke zuwa shagonta sun je bara, kuma ba wadda ta dawo da yabo. Layin lilo ɗaya sai ya cinye wa mutum rabin yammar, ruwan sama kan sauko a watan nan ba sallama, abincin da ake cewa kyauta ɗan kofin natilla ne da ƙwallon buñuelo biyu. Idan lilo yarinyar ke so, a bari sai Janairu, a shiga da tikitin kullum a rabin kuɗin, ba turereniya. Arbey ya ce shi ba don lilo zai saya ba, so yake Yuliana ta samu rana guda mai daɗi da za ta riƙa tunawa da Nubia a ciki. Ta ce masa shaƙuwa da yaro ba a ƙofar shiga ake sayar da ita ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce ya gaji, idan tsohuwar ta ci gaba da haka zai kama haya ya ɗauke 'yarsa, a ɗaura aure ko da ita ko babu ita.

"Idan ka raba yarinyar nan da kakarta saboda ni, ba zan aure ka ba, Arbey," in ji Nubia. "Matar nan 'ya ɗaya ta haifa, ta binne ta. Abin da ya rage mata ke nan."

Ya sauke ta a ƙofar gida ya wuce.

Yayarta Estela, wadda suke zaune tare, da ta ji labarin cewa ta yi Nubia ta tattara ta bar mutumin nan tun da wuri. Shekara talatin da ɗaya, da sana'arta a hannu, me zai sa ta zauna tana roƙon izinin uwar wata mace? Nubia ta saurare ta har ta gama, ta ce ta ji. Amma ta san ba za ta iya ba. Tana son Arbey, kuma yarinyar ta riga ta shiga ranta.

Ranar Laraba Yuliana ta biyo shagon bayan an tashi daga makaranta, kamar yadda takan yi idan babanta bai dawo daga kan tudu ba. Ba kowa a shagon. Nubia ta zaunar da ita tana tsefe mata gashi, a hankali ta fara lallashinta: a Janairu za su je, ba layi, ta hau kowane lilo sau uku. Yarinyar ta ce Janairu ba zai yi ba, dole sai ranar. Nubia ta tambaye ta ko saboda dusar ƙanƙarar ce.

"Ai na san kumfar sabulu ce," in ji Yuliana. Ta kalli kanta a madubi. "Anti Nubia, duk ranar kyandir Kaka kuka take yi tun safe. Tana kunna kyandir tana kuka, ni ma sai in yi, Baba ya fita waje ya zauna a mota. 'Yan layinmu suna ta wasa, mu kuma mu rufe ƙofa. Ni so nake mu je inda kowa ke dariya, ko Kaka za ta manta ta yi dariya ita ma. Amma Baba bai ma ƙirga da ita ba."

Nubia ta ci gaba da tsefe gashin, ba ta yarda yarinyar ta ga idonta ba. Duk lissafin da ta yi daidai ne, layi da ruwan sama da ƙwallon buñuelo biyu. Sai dai ita farashin lilo ta auna, alhali ba lilo yarinyar ke nema ba.

Da Arbey ya zo ɗaukar 'yarsa, Nubia ta ja shi gefe ta ce ta canza ra'ayi, ya sayi tikitin. Uku, kamar yadda ya faɗa, amma na ukun na Doña Gilma ne. Ya ce to a sayi huɗu mana. Ta ce huɗu zai cinye kuɗin tayoyi gaba ɗaya, kuma ko kyauta ake shiga tsohuwar ba za ta taka wurin ba muddin ita tana cikin tafiyar. Ya daɗe yana gardama, yana cewa ba adalci ba ne. Ta ce masa ita ba gasa take yi da marigayiya ba, ya bar ta ta yi yadda take ganin daidai.

Washegari da hantsi ta rufe shago ta tafi gidan ita kaɗai. Ta sami Doña Gilma tana ba tukwanen furanni ruwa a baranda. Ba a ce mata ta zauna ba, don haka a tsaye ta yi magana. Ta ce ba ita ta kawo shawarar fatin ba, hasali ma ita ce ta fi kowa cewa asarar kuɗi ne. Ta ce ba za ta je ba, tikitin na Kaka ne. Sannan ta maimaita mata abin da Yuliana ta faɗa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Tsohuwar ta dire butar ruwan a ƙasa.

"Yanzu ke za ki koya mini yadda zan yi makokin 'yata?"

"A'a, Doña Gilma. Ban san zafin da kuke ji ba, ba zan yi ƙaryar na sani ba. Yarinyar ce ba ta iya faɗa muku, ni kuma ba zan ji in yi shiru ba. Ku yi fushi da ni, ba komai."

Tsohuwar ta nuna mata ƙofa. Nubia ta fita tana jin ta gama ɓata komai. Kwana biyu ba labari. A rana ta uku Arbey ya leƙo shagon yana murmushi, ya ce da safe Kaka ta tambaye shi ko wurin nan akwai kujerun da tsoho zai huta, kuma ko suna barin mutum ya shiga da lema.

Ranar kyandir da yamma jif ta wuce ta gaban shagon, Yuliana na ɗago hannu ta taga, Doña Gilma a gaba da baƙin mayafinta tana kallon hanya. Nubia ta jera kyandirorinta a bakin ƙofa ita da Estela. Ba za ta ce abin bai yi mata ciwo ba. Estela ta yi ta mita, wai ba ta taɓa ganin macen da ta tura saurayinta yawon shaƙatawa da surukarsa ba. Nubia ta yi dariya, ta kuma share ido a ɓoye.

Da safe tana share shago sai ga Doña Gilma a ƙofa. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta shigo ta zauna a kujerar gyaran gashi, ta ɗora jaka a cinya, ta ce a rage mata bakin gashin nan. Nubia ta yafa mata ƙyalle ta ɗauki almakashi.

Tsohuwar ta fara ba da labari tana ɓata rai. Sata ce tsagwaronta, in ji ta. Sun yi tsayuwar layi har ƙafarta ta kumbura. Natillar kamar an dama ta da ruwan wanki, buñuelon ya yi sanyi ya ƙandare, da a kicin ɗinta ne da ta ba kare. Dusar ƙanƙarar ta shiga idon Arbey ya yi ta hawaye kamar yaro. Ruwan sama ya kore masu rawa tun ba su kai rabin hanya ba. Amma Yuliana ta matsa mata sai da ta hau wani kwale-kwale da ke gangarowa daga sama ya faɗa cikin ruwa, ta jiƙe sharkaf, ta yi ihun da ba ta san tana da shi ba, yarinyar ta yi dariya har ta kasa tsayuwa. An raba wa kowa kyandir a bakin tafki, suka kunna wa Marleny nasu a can. Ta yi kuka, amma kaɗan.

"To kuɗin bai tafi a banza ba ke nan?" Nubia ta tambaya.

"Rabinsa ya tafi a banza." Doña Gilma ta dube ta ta cikin madubi. "Duk abin hawan da ke wurin kujera bibbiyu ce. Ni da jikata mu zauna tare, Arbey kuma a haɗa shi da duk wanda aka samu. A kwale-kwalen wani ƙaton mutum aka ba shi, mutumin ya rungume shi yana kiran uwarsa don tsoro. Na zauna a bayansu ina kallon ƙeyar yaron nan, na ce shekara uku ke nan haka yake zaune a gidana shi kaɗai, ni kuma ban lura ba."

Almakashin ya tsaya a hannun Nubia.

"Ci gaba da aikinki, kada ki bar mini gashi gefe guda," in ji tsohuwar. "Ku je coci ku ga Fada, ku sa rana bayan Ista. Ɗakin baya ya fi girma, a yi masa fenti. Hoton 'yata yana nan inda yake."

"Ba wanda zai taɓa shi," in ji Nubia.

An ɗaura auren a watan Afrilu. Doña Gilma ce ta tsaya a kan girkin biki, Estela kuma ta fi kowa rawa. Zama bai zama babu saɓani ba, don tsohuwar ba ta daina faɗa ba, Nubia ma ta koyi mayar da amsa cikin ladabi. Amma Yuliana ta tashi a gida ɗaya da babanta da kakarta da matar da ta riƙe ta kamar ita ta haife ta.

Da Nubia ta biye wa zafin zuciya, ko ta yarda Arbey ya ɗauke 'yarsa, da ta samu miji ta rasa gida. Ta yi haƙuri da maganar da ba ta cancanta ba, ta saurari yarinya, ta bar wa tsohuwa wurinta na yamma guda. Duk wanda zai shiga gidan da aka yi rashi, ya shiga a hankali, kada ya ture kowa don ya samu wurin zama. Idan ya yi haƙuri, masu gidan da kansu za su matsa masa.