Waƙar da Waya Ba Ta Sani Ba

Ranar da Injiniya ya fara ganinta, tana tsaye ne a teburin guga na shagon wanki, hannu ɗaya kan rigar wani, ɗayan kuma ta ɗaga waya da shi saitin rediyo. An kira shi ne ya gyara injin wankin da ya tsaya, amma sai ga shi ya share minti goma yana kwance noti ɗaya.

"Sannu da aiki," ya ce daga bayanta.

Ko motsi ba ta yi ba. A ransa ya ce wannan akwai jan aji. Sai da ya zagayo gabanta ta ɗago, ta kafe bakinsa da ido, ta yi murmushi.

"Me kike yi da wayar?"

"Manhaja ce. Tana sauraron waƙa, ta faɗa maka sunanta da wanda ya rera, har baitocin ta rubuto."

"Ashe da gwanar waƙa nake magana."

Dariya kawai ta yi. Tun daga ranar sunanta ya koma Gwana a bakinsa, injin shagon kuma ya koyi lalacewa duk bayan kwana uku, har mai shagon ta ce ko dai injin ne ke son aure.

Abu ɗaya ne ke damunsa: Gwana ba ta ɗaga kira. Saƙo kuwa kafin ya ajiye waya ta amsa. Wata rana ya rubuta mata:

"Gwanata, yau ma kin ƙi ɗagawa. Muryarki nake so."

"Injiniyana, murya tana wucewa. Rubutu kuwa ina iya karanta shi sau goma."

Ya ji daɗin amsar, bai san abin da ke ƙarƙashinta ba.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Mama ta yi mata magana sau uku daga ƙofar kicin. Gwana na zaune a falo tana kallon labule. Bayan ta tafi Mama ta ce, "Ni za a kawo wa mai girman kai? Tun ba ta shigo ba ta raina ni. Ga ƴar maƙwabciyata nan mai ladabi, ka buɗe idonka."

Ransa ya ɓaci, ya rubuta mata, "Me mahaifiyata ta yi miki da za ki share ta?"

Kwana biyu babu amsa. A na uku saƙo ya shigo, dogo.

"Ban share ta ba, wallahi ban ji ta ba. Shekara biyu ke nan kunnena na mutuwa. Na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, likita ya ce ba zai kai baɗi ba. Bakin mutane nake karantawa. Ni ba gwanar waƙa ba ce. Idan abokan aikina suna rausaya kai, nakan ɗaga waya ne don in san abin da suke ji, kada a gane. Na ji tsoron in faɗa maka ka tafi. Yanzu ka sani, idan ka tafi ban ga laifinka ba."

A bakin titi ya karanta, ya zauna kan akwatin kayan aikinsa ya yi kuka kamar yaro. Abin da ya fi ci masa rai shi ne duk ranakun da ya zauna kusa da ita yana bin rediyo da muryarsa mai kama da ta tsohon injin, tana murmushi, ashe wayar take leƙawa.

Da ya je shagon, ta miƙa masa wayar. Manhajar ta adana jerin duk waƙoƙin da ta gano, kowace da ranarta. Ya duba, ya ga ranakun zuwansa ne suka fi yawa.

Mama kuwa da ta ji gaskiya sai ta ƙara tsorata. "Ɗana, tausayi daban, zama daban. Idan jariri ya yi kuka wa zai ji?"

"Mama, ni ina da kunne biyu, sun ishe mu."

"In kana wurin aiki fa?"

"To ga naki biyu."

Ta kai masa duka da mafici, amma idonta ya kawo ruwa. Sati guda ba ta sake tayar da zancen ba. Ranar Asabar ta ɗauki mayafi ta tafi shagon da kanta, ta tsaya daidai gaban Gwana, ta yi magana a hankali yadda za ta ga bakinta.

"Ƴata, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Gwana ta durƙusa, Mama ta ɗago ta ta rungume.

An sa rana wata huɗu, Injiniya ya roƙa aka dawo da ita wata ɗaya. Kowa ya yi ta tsokanarsa da zumuɗi, bai gaya wa kowa cewa da kunnenta na dama yake tsere ba.

Aka ɗaura aure, dangi suka yi addu'a suka watse tun rana ba ta faɗi ba. A ɗakin amarya Injiniya ya zauna ta damanta, ya kai bakinsa dab da kunnenta, ya fara rera wata waƙa da ya yi sati uku yana haɗawa a kan hanyar aiki. Baitocin ba su daidaita ba, muryar ma tana rawa.

Da sabo, hannunta ya danna wayar. Da'irar da ke kan fuskar wayar ta juya, ta juya, sannan manhajar ta rubuto cewa ba ta gane wannan waƙar ba.

"Ka ga," ta ce tana hawaye tana dariya, "ita ba ta sani ba."

"Ke fa, Gwanata?"

"Ina ji. Can nesa, amma ina ji." Ta kife wayar a kan katifa. "Sake rerawa, Injiniyana. Ka yi ta maimaitawa har in haddace, saboda ranar da zan ga bakinka kawai."

Ya share mata hawaye, ya sake ɗaukowa daga farko. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa albarka a gidan.