Sunan da Ya Narke a Balad

Insifekta Abdulghaffar bai gama shayin safe ba aka bugo masa waya: an lalata jirgin tagullar da ke shataletalen Balad, tsohuwar unguwar Jidda. A Jidda ba a kafa mutum-mutumi, shi ya sa jikokin marigayi Abdulghani, attajirin teku, suka kafa siffar jirginsa, da sunansa a jiki.

Ya tarar sunan ya narke, ya koma kore. Ya sunkuya ya shinshina. Ruwan batir ne.

"Takarin nan ne!" babban jikan ya daka tsawa, yana nufin baƙi Hausawa da ire-irensu. "A kwashe su duka, mai iƙamar zama da marar ita!"

Abdulghaffar, wanda iyayensa Hausawa ne, ya ba shi baya. Ya juya kan Bawa mai gadi.

"Me ka gani?"

"Wallahi ban ga kowa ba, ranka ya daɗe."

Insifekta ya jawo wani baƙin mayafi daga ƙarƙashin bencin gadin, duk ya huhhuje.

"Wannan naka ne?"

Bawa ya kawar da kai.

"Halas, shi ke nan. Ku rufe shi," Insifekta ya ce wa yaransa.

Masu talla suka ce yau Zubaidatu, tsohuwa mai sayar da gyaɗa a gindin jirgin, ba ta fito ba. A gidanta da ke unguwar Waziriyya ya same ta, hannuwanta sun sha sabon lalle.

"Biki ake yi, Hajiya?"

"Ina ruwanka?"

"Buɗe tafin."

Ƙarƙashin lallen fata ta saluɓe.

"Man suya ne," ta ce.

"Man suya ba ya huda mayafi. Bawa na kulle saboda ke, kuma Nijar za a tasa ƙeyarsa."

Ta daɗe tana hararsa.

"Ku sake shi, ni ce. A jirgin nan Abdulghani ya ɗauko mu daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin, ni da uwata, za mu Hajji. Da muka sauka ya sayar da ita gabas, ni yamma. Ban sake ganinta ba. Yanzu kullum ina zaune ana goge sunansa har yana ƙyalli. Da na sami dama, kabarinsa zan zuba wa!"

Ta miƙo hannuwan.

"Sa ankwar mana, ɗan Hausa. Na san nauyinta tun ba a haife ka ba."

Abdulghaffar ya dubi ankwar, ya mayar da ita ƙugu. Ya buɗe mata ƙofar mota.

"Yalla, Hajiya."

Ta tofar da yawu kusa da takalminsa, sannan ta shiga.