Lallen Hamdiya

"Wa ya ce ki sa mata lalle, Hawwa'u? Tun daga Dakoro har Maradi, mun yi tafiyar banza!"

Haka na faɗa wa matata da tsawa. Ɗiyarmu Hamdiya, mai shekara goma sha uku, in ta taɓa ruwan randa yatsunta su yi fari fat, sannan shuɗi, gaɓoɓinta na ciwo. Lokotoro, wato likita, ta so ta duba 'yan jijiyoyin jini na gindin farcenta, amma lalle ya rufe wurin. Ta ce mu komo in ya goge.

Hawwa'u ta ɗaure kayanta. Da safe ta tafi gidansu, Korahane.

Gidan ya yi mini faɗi. Kullum sai na kama hannun Hamdiya ina duba ko jan ya ragu, zuciyata kuwa tana Korahane.

"Baba, kullum sai ka duba?"

"Ina ruwanki?"

"Ni na roƙi Inna ta sa mini lallen fa... A lakwal 'yan ajinmu na ce mini mai hannun gawa. Tana sa mini tana kuka."

Na saki hannunta a hankali.

Ranar komawa, muna tasha sai ga Hawwa'u da lulluɓinta. Ko kallona ba ta yi ba.

"Don ɗiyata na zo, Malam."

Lokotoro ta ɗiga mai a gindin farcen, ta ɗora madubinta, hoto ya fito a allo. Wasu jijiyoyin sun kumbura, wasu sun karkace.

"Alamar ciwon gaɓoɓi ce. Za mu auna jini, amma kun zo da wuri. Da magani za ta samu sauƙi."

Hawwa'u ta rufe fuska. "Da na ɓata mata..."

"Ba ki ɓata komai ba," na ce.

A mota na ciro ƙullin garin lalle da na saya a kasuwar Dakoro tun sati biyu, na kasa kai mata. Na ajiye a cinyarta.

"Na tambayi lokotoro. Ta ce a tafin hannu ba laifi. Kulu tawa... gidan ba daɗi."

Ta shinshina ƙullin, hawaye na zuba.

"Ko lalle ba ka iya zaɓe ba! Wannan tsoho ne."

Hamdiya ta tuntsire da dariya.

Da muka iso mararrabar Korahane, direba ya waiwayo. "Akwai mai sauka?"

Hawwa'u ta ƙulle lallen a bakin zanenta.

"Babu," ta ce.