Ashirin da Ɗaya ga Fabrairu

A garejin Tochukwu da ke Kakuri suka fara haɗuwa. Hadassah ta kawo janaretan makarantar da take koyar da tarihi a Romi, ta tsaya tana kallon yadda yake kwance shi, shi kuwa sai satar kallonta yake.

"Malama, bar mini lambarki. In ya tashi zan kira ki."

"A kan injin kawai, ko?"

"Da farko dai."

Ta yi murmushi, ta ba shi.

Kafin damina ta wuce sun shaƙu. Shi ɗan Igbo ne haihuwar Kaduna, ita kuma 'yar Kudancin Kaduna, tana zaune a Barnawa da mahaifiyarta Damaris. Dukansu ba uba suka tashi, amma ba wanda ya taɓa tambayar ɗayan yadda aka yi. A wannan tsallaken kogin Kaduna, ba a cika yin irin wannan tambayar ba.

Wata Juma'a saƙonsa ya shigo: "Hada tawa, Mama ta ce in kawo ki ran Lahadi bayan coci. Kar ki ji tsoro, za ta so ki."

Ta amsa: "Tsoro kam ina ji, Tochi. Amma zan zo, tunda kana nan."

Mahaifiyarsa Ngozika ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta zuba mata abinci da kanta. Suna cikin hira ta tambaye ta shekarunta.

"Ran ashirin da ɗaya ga Fabrairu aka haife ni, Mama, shekarar dubu biyu."

Ngozika ta ajiye cokali. Ta miƙe, ta shige ɗaki, ta rufe ƙofa.

A hanya Tochukwu ya faɗa mata. A ranar ce rikicin Kaduna ya ɓarke, a ranar ce kuma aka kashe babansa a shagonsa na Tudun Wada. Tun daga lokacin, duk shekara in ranar ta zagayo, mahaifiyarsa ba ta ci, ba ta sha, ba ta magana da kowa. Hadassah ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ta fasa.

"Ba zan iya ba," in ji Ngozika da ya koma gida. "Ranar da nake kukan babanka, a ce a gidana akwai mai murna? Ga Oluchi 'yar ƙawata, yarinya mai hankali. Ka neme ta."

"Mama, Hadassah ba ta zaɓi ranar ba."

"Ni ma ban zaɓa ba."

Daga nan Oluchi ta riƙa kai masa abinci gareji, Ngozika ce ke aiken ta. Wata rana Hadassah tana wucewa a keke Napep ta hango su zaune kan benci ɗaya. Da yamma ta tura masa: "Na gan ku. Ka bi maganar Mama, ba zan riƙe ka a zuci ba. Kar ka kira ni."

Ya amsa: "Roƙonta nake ta daina zuwa, Hada. Ba ni da kowa sai ke. Ki ɗauki wayata ko sau ɗaya."

Ba ta ɗauka ba. Ta rame, ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa a coci. Damaris ta zuba mata ido har ta gaji, ta tsare ta, sai da ta ji komai.

Da ranar ta zagayo, Damaris ta ɗaura zani ta nufi gidan Ngozika a Sabon Tasha da safe. Ta tarar da Ngozika zaune a ƙasa cikin baƙaƙen kaya. Ta cire takalmi, ta zauna kusa da ita.

"Ni ce uwar Hadassah. Ba sai kin amsa ba, ki dai saurare ni."

Ngozika ba ta ɗago ba.

"A Tudun Wada muke lokacin. Naƙuda ta kama ni ana harbe-harbe. Mijina Albert ya fita neman mota, ya ce yanzu zai dawo. Wata maƙwabciyarmu Musulma ce ta ɓoye ni a ɗakinta, ita ta karɓi haihuwar, tana toshe mini baki da mayafinta don kar a ji. Albert bai dawo ba. Na bi asibitoci da goyo, ban ga ko takalminsa ba. Ke kin binne naki?"

"Na binne," in ji Ngozika a hankali.

"Ni ba ni da kabarin da zan je. Yarinyar nan ba a taɓa yi mata barka da ranar haihuwa ba. Tun tana ƙarama, tare muke yin azumin nan."

Ngozika ta ɗago, idanunta jawur. "Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ta ce baƙin cikinki ya ishe ki."

Suka daɗe suna kuka. Can Ngozika ta share fuska, ta kira ɗanta a waya. "Je ka ɗauko mini ita."

Hadassah ta shigo, za ta durƙusa, Ngozika ta jawo ta jikinta. "Ki yafe mini, 'yata."

Bayan Ista aka ɗaura auren a wani ƙaramin coci a Barnawa. Kawunnansu ne suka tsaya a madadin iyaye maza. Da fasto ya gama, Tochukwu ya matse hannunta.

"Har yanzu kina jin tsoro, amaryata?"

"Kaɗan. Kar ka sake ni."

Iyayensu mata biyu suka ɗora musu hannu a ka. Ngozika ta yi addu'a a madadinsu su biyu.

"Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. Ya ba ku 'ya'yan da za su san fuskar ubansu. Ya sa ku tsufa tare, abin da mu ba mu samu ba."

Duk cocin ya amsa da amin.