Rodin Hedimasta Ya Gajarce

"Tun ranar da hukuma ta ƙayyade farashin rodin da ake shigowa da shi," in ji tsohon Hedimasta, "cuta ta ƙare a kasuwar kayan gini. Saboda haka ɓarawon yana nan cikin filina."

Sufeto ya saurara a tsaye, hula a hammata. Hedimasta ne ya koyar da shi a aji huɗu, har yau kuwa ƙafafunsa ba su yarda ya zauna a gabansa ba.

Lissafin a fili yake. Hedimasta ya sayi rodi arba'in don ginshiƙan gidan da yake ginawa da kuɗin sallamarsa. Kowane rodi mita goma sha biyu ne, yana ba da yanka huɗu masu mita uku. Aiki ya kai kashi uku cikin huɗu, rodi ya ƙare. Goma sun yi ƙafa ke nan. Tuni aka kai Baba Magini ofishin 'yan sanda, mutumin da ya shekara talatin yana gini ba a taɓa cewa ya ɗauki ƙusa ba.

Sufeto ya fara da direban da ya kawo kayan.

"Yallaɓai, sau uku Hedimasta ya sa na ƙirga. Na ukun da ƙarfi, kamar ɗan aji ɗaya. Tambaye shi."

Hedimasta ya gyaɗa kai. Arba'in cif. Filin kuma da katanga, makullin yana aljihunsa, ko matarsa ba ya ba ta. Direba ya fita daga zargi.

A bayan kanta, Baba Magini yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, ina rodi goma?"

"Ɗana, ba goma suka ɓata ba. Duka arba'in ɗin gajeru ne. Uku-uku suke ba ni, sai guntu."

"Ka faɗa masa?"

"Tun ranar farko. Ya ce hukuma ta ce sha biyu, ni wane ne? Ya nuna mini rasit mai hatimi."

"Akwai ko ɗaya da ba ka yanka ba?"

"Duk suna cikin siminti."

Nan gizo yake saƙar. Sufeto ya wuce shagon Alhajin da ya sayar wa Hedimasta rodin. A bakin ƙofa ga sabon allo, an rubuta da koren fenti mai sheƙi: NAN ANA BIN FARASHIN HUKUMA.

"Auna, ranka ya daɗe, auna!" in ji Alhaji, har da miƙo masa tef. "Mu ai talaka muke yi wa hidima. Riba sai a lahira."

Rodin da ke gaban shagon sun cika sha biyu. Bakinsu duka da ɗigon koren fenti maras sheƙi, alamar kamfanin da ya ƙera su. Sufeto ya yi godiya, ya koma fili, ya tsuguna gaban tarin guntayen da magini ya jingine. Kowane guntu mita biyu ne, kuma bakinsa ɗaya kore ne shar, yana ƙyalli. Ya kankare da makullin motarsa. A ƙarƙashi sai ga sawun zarto, ƙarfen fari tas, ko tsatsa bai fara ba.

Ya ɗaga kai. Sababbin tagogi huɗu na ƙarfe suna jingine da bango, ba a kai ga yi musu fenti ba.

"Malam, ina ka sayi waɗannan?" ya tambayi Hedimasta.

"Wurin mai walda, surukin Alhaji, a bayan shagonsa. Ya yi mini ragi. Me ya haɗa taga da sata, kai yaro?"

Sufeto ya kifa taga ɗaya. A gindin kowane ƙarfe, inda walda ba ta ƙona ba, ga koren nan maras sheƙi.

Da aka taru a ofis, ya jera guntu ɗaya, taga ɗaya, da allon da ya sa aka ciro daga ƙofar shago.

"Rodi a lanƙwashe yake zuwa, baki biyu a haɗe," in ji shi. "Alhaji yana datse rabin mita daga kowane baki, don kada ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Sai ya shafa fenti a inda ya yanka. Ɓarawon fili ba ya yi wa abin da ya bari kwalliya, Malam. Bakin kamfani na gaskiya kuwa yana tafiya wurin suruki ya zama taga, tunda ba a ƙayyade farashin taga ba."

"Kore ai kore ne!" in ji Alhaji.

"Na kamfani ba ya sheƙi. Naka fentin ƙofa ne. Da ka sayi wani gwangwani, da na sha wahala. Amma ka ga fentin da aka rubuta allon ya yi saura, ka ƙi yin asara."

Alhaji ya dubi allon, ya dubi guntun, ya nemi a ba shi ruwa.

"Rodi arba'in, baki tamanin," Sufeto ya ƙara a hankali. "Tagoginka huɗu, Malam, ƙarfe ashirin-ashirin. Ba abin da ya ɓata. Sau biyu dai ka saya."

Aka buɗe wa Baba Magini. Ya fito yana ta hamdala, ya riƙe hannun Sufeto da hannu biyu ya ƙi saki. Sufeto ma sai lokacin hankalinsa ya kwanta, don tun safe yake tsoron ranar da zai kai tsohon nan kotu. Hedimasta ya gyara murya, ya ce ai dama bai taɓa cewa ɓarawo da bakinsa ba. Kowa ya bar shi a haka.

An ci Alhaji tara, an rufe shagon wata guda. Kafin mako ya zagayo, rodi ya ɓace daga gaban kowane shago a layin, allunan kawai suka rage.

Ranar da Sufeto ya bi ta bayan layin, ya hango Hedimasta a ƙofar baya ta wani shago, Baba Magini yana ja masa tef a kan rodi goma, ɗaya bayan ɗaya. Duk sun cika. Mai shagon ya faɗi farashi ƙasa-ƙasa, wanda ba shi ne a allo ba. Hedimasta ya waiga hagu da dama, ya sa hannu a aljihu, bai nemi rasit ba.

Sufeto ya gyara hularsa, ya dubi ɗaya gefen titi.